Mutanen da Kututture Ya Kayar

Tun da littafin Kaka ya fito ban huta ba. A majalisarmu ta gindin darbejiya, a ɗakin malamai, har a kasuwar Tsanyawa ina tsaka da cinikin manja, sai wani ya dafa ni ya ce, "Malam Sabi'u, wai da gaske har Damagaram kuka je da tsohon nan?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda na ba sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shekaranjiya ma na ji wai fareti aka yi mana a bakin iyaka. To ga shi na rubuta yadda aka yi, kowa ya karanta ya ƙyale ni in sha iska.

Ga wanda bai sani ba, Kaka shi ne Alhaji Mamman, mahaifin babana. Yaran yanzu sun san shi a tsoho mai kiwon awaki da rigimar sahun gaba a masallaci. Amma a zamaninsa, in an gama girbi aka kafa ganga a filin kokawa, Kututture ake ce masa, don tumɓuke shi sai an sha wuya. Daga ƙauyukanmu har Daura, har tsallaken iyaka, mata sun sa sunansa a waƙar daka. Ni ban ga wannan zamani ba. Abin da na tarar shi ne wuyansa, wanda har ya tsufa maɓallin riga bai taɓa rufuwa a kansa ba.

Da idonsa ya fara hazo, shi da kansa ya aika a kira ni. Tsakanina da shi wasan jika da kaka ne, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai Raggo. Ya ce, "Raggo, tunda kokawa ta fi ƙarfinka ka gudu makaranta, zo ka yi abin da ka iya. Ina so in riƙe labarina a hannu kafin a riƙe makarata."

Rani guda muka yi a zaure, yana faɗa ina ɗauka a waya, in na taso daga makaranta in juye a takarda. Abu ɗaya ne ya riƙa haɗa mu. Duk wanda ya kayar ba ya kama sunansa. Sai ka ji, "Na gamu da wani bawan Allah a Kunci," ko "wani bawan Allah daga gabas." Na ce, "Kaka, bayin Allahn nan duk ba a yanka musu ragon suna ba ne?" Ya ce ubangidansa na kokawa ya hore shi tun ranar da ya ɗaura masa walki, cewa bayan da ka kai ƙasa amana ne a wuyanka. A fili makaɗa su faɗa, 'yan kallo su faɗa, amma kai in ka ajiye walki ba ka ƙara kama sunan mutumin, domin yanzu uban wasu ne, surukin wasu ne, wataƙila ma shi ke ba da salla a garinsu. Wanda ya kayar da kai kuwa, faɗi sunansa har da na ubansa. Shi ya sa a duk littafin, masu suna su ne 'yan tsirarun da suka taɓa kai shi ƙasa yana sabon shiga. Na yi magiya, na yi fushi, ya ce in ba zan rubuta haka ba in ba shi wayarsa, alhali wayar tawa ce.

Kano muka fara zuwa. A madaba'ar farko wani matashi ya karɓe mu cikin sanyin na'ura, bai ko buɗe takardun ba ya ce, "Baba yana da mabiya da yawa a waya?" Kaka ya ce, "Ɗana, ban da awakina yanzu ba mai bina." Kantar wurin cike take da tarihin rayuwar 'yan fim da mawaƙa da 'yan siyasa, kowa da hotonsa yana murmushi. Kaka ya ɗauki na wani yaro da gemunsa bai gama haɗuwa ba, ya jinjina shi a hannu, ya ce, "Wannan yaushe ya rayu har ya tara mai kauri haka?" A ta biyu aka tambaye mu wane mai kuɗi ne zai ƙaddamar, wai littafi irin wannan ba sayar da shi ake yi ba, ƙaddamar da shi ake yi. Suka ce in muna so mu biya a buga mana ko gobe. Na so mu yarda, Kaka ya ƙi. Ya ce kayen da ka saya ba kaye ba ne, shi yana son wanda zai karanta ya ce ya isa a buga.

Wani dattijo mai sayar da littattafai ne ya tausaya mana. Ya ce, "Nan kokawa ta zama labari. Ku tsallaka Damagaram, can har gobe da ita ake kwana ake tashi. Ku nemi Hajiya Mariya mai madaba'a. Ba ta da sauƙi, amma tana karantawa."

Muka ɗau hanya bayan sallar asuba, muka bi ta Kazaure zuwa Daura. Gwaggona ta cika mana leda da ƙuli-ƙuli da dakuwa kamar masu tafiya Makka a ƙasa. Kaka kuma ya dage sai ya tafi da tsohon walkinsa a jaka, wanda rabon da ya ga rana tun ba a haife ni ba. A mota ya hana kowa gyangyaɗi. A zamaninsu, in ji shi, a bayan motar gyaɗa suke wannan tafiya, su da makaɗa, a sauka duk garin da aka ji ganga. Iyakar ma wata kuka ce kawai, in ka wuce ta sai ka ji an fara ƙirga kuɗi daban.

A Kwangwalam aka ce kowa ya buɗe kayansa. Jami'in yaro ne mai ladabi, ya zaro walkin da yatsu biyu, layu na reto, warin tsohuwar fata ya cika wurin. Ya ce, "Baba, wannan fa?" Kaka ya ce, "Kayan aiki ne. Ni ne Kututture." Yaron ya dube ni, alamar ko tsohon yana da lafiya. Na ji kunya ta kama ni, na ji tausayin Kaka har cikin raina. Sai wani tsoho mai shayi a gefen hanya ya ajiye butarsa ya taso yana ɗingishi. "Wane Kututture? Na ƙasar Kano?" Ya kama hannun Kaka ya ƙi saki, ya shiga ƙwala wa sa'o'insa kira. Kafin direba ya gama da takardu, tsofaffi sun kewaye mu, wani na cewa a Magarya ya gan shi, wani na rantsuwa ya yi asarar tunkiya a kansa. Faretin da kuke ji ke nan. Amma na ga Kaka ya miƙe tsaye sosai, kafaɗunsa sun buɗe, abin da ban taɓa gani ba.

Da muka tsallaka, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne faɗin ƙasa. Mu nan gona kan gona, in ka yi atishawa a taka maƙwabci ya yi maka addu'a daga tasa. Can sai ka yi ta tafiya ba ka ga rumbu ba. Direbanmu da ya ji ni malamin makaranta ne ya koma kirana Mushe, don haka suke ce wa malamin boko. Kaka ya yi dariya har Matamaye, yana cewa shi ya daɗe da sani. A nan na saya masa burodinsu dogo mai tauri, ya gwada da sauran haƙoransa, ya ce a ajiye masa zai yi korar awaki. Gaba kaɗan taya ta fashe. Muka zauna a inuwa, wata mata da ke cikin motar ta dama fura a ƙwarya, nono ya fi furar yawa, ba ko ƙwayar sukari, ta fara miƙa wa Kaka. Ya sha, ya ce irin damun mahaifiyarsa ke nan.

Mun shiga Damagaram rana ta take, muka tarar da madaba'ar a rufe, ita da shagunan da ke kusa. Na tambayi wani ko rasuwa aka yi. Ya ce a'a, hutun rana ne, sai bayan la'asar. A Kano in ka rufe shago da tsakar rana sai an zo maka gaisuwa. Mai babur ɗin da ya kawo mu, su kabu-kabu suke cewa, ya ji ina tambayar masauki, ya ce dattijo kamar wannan ba ya kwana a ɗakin haya alhali kawunsa na da zaure. Haka muka sauka gidan Malam Hamisu tela, mutumin da bai san mu ba bai san wanda ya san mu ba. Aka kawo dambun zogale da ya sha ƙuli, aka ɗora shayi a 'yar buta kan gawayi. Na kurɓe ɗan kofin da aka ba ni, mai ɗaci kamar maɗaci, na yi godiya na miƙe. Malam Hamisu ya ce, "Ina zuwa? Na farko ke nan." Ashe sai an sha zagaye uku, tashi kafin na ƙarshe raini ne. Kaka ya ce a yi mini haƙuri, goyon makaranta ne.

Hajiya Mariya doguwa ce mai tabarau, tsohuwar malamar makaranta, injinta ɗaya a bayan shagon littattafan yara. Ba ta tambayi mabiya ba, ba ta tambayi mai ƙaddamarwa ba. Ta gaida Kaka har ƙasa, ta karɓi takardun, ta ce mu dawo jibi. Da muka koma na ga duk gefen shafukan ta bi su da jan biro.

Ta ce, "Baba, na yi dariya, na yi kuka. Labarin yunwar da ta sa kuka yi kokawa a kan kwanon gero, ba wanda ya taɓa rubuta irinsa. Amma ba zan buga shi haka ba."

Kaka ya ce, "Saboda me, 'yata?"

"Saboda kai kaɗai ne mutum a ciki. Waɗanda ka kayar duk bayin Allah ne marasa suna. Abin da ya fita daga injin nan yara za su karanta bayan ba mu, kuma ni za a tambaya." Ta buɗe wani shafi. "Wannan dogon da kuka kama tun la'asar har rana ta yi ja, a nan garin aka yi. Ina kan wuyan babana ranar. Da dogon ya faɗi, babana bai ci tuwo ba. Isa Jimina ne, duk wani mai furfura a Damagaram ya sani. In na buga ba suna, na yi wa garinmu ƙarya. In na sa sunan da kaina, na ci amanarka. Yana nan da rai a wani ƙauye bayan Mirriya. Ka je ka nemi izininsa."

Kaka ya lalubi sandarsa ya miƙe. "In je gidan mutum, gaban jikokinsa, in ce na zo neman izinin tona masa asiri? Raggo, kwashi takardunka mu tafi gida."

Hajiya ba ta roƙe shi ba. Ta ce ƙofarta a buɗe take, amma sharaɗinta bai canja ba. A lokacin na ji haushinta ƙwarai. Na ga rani guda na aiki ya tafi a banza, na ga tsohon nan zai koma gida hannu rabbana, ga ido na ƙara rufewa. Yinin ranar ko Raggo bai ce mini ba.

Da safe ina naɗe tabarma ya ce, "Sayo goro da sukari. Ba izini zan nema ba. Amma a ce na zo har nan, mutumin na da rai, ban gaishe shi ba, wannan ba tarbiyya ba ce."

Mun sami Isa Jimina a bakin garkarsa, yana zaune kan buhu yana tsaron albasa kada awaki su shiga. Tsawon yana nan, amma ya rame ƙwarai, ga sanda a gefe. Kaka ya yi sallama bai faɗi ko shi wane ne ba, ya miƙa hannu. Isa ya riƙe hannun, ya matsa, ya kai ɗaya hannun ya shafa wuyan Kaka. Sai ya ce, "La'ilaha illallahu. Wannan wuyan na san shi." Ya yunƙura ya tashi, suka sarƙe hannuwa, goshi da goshi, suna tangaɗi. Ni da wani ɗansa muka yi kansu da gudu kada a yi kayen da ba mai tashi. Suka zube kan buhu suna dariya, hawaye na bin gemunsu.

Aka kawo tabarma, jikoki suka taru suna kallon baƙi. Hira ta yi hira, yawanci lissafin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ni ne bakina ya kasa haƙuri, na ambaci littafi. Kaka ya harare ni da idon da ba ya gani sosai. Isa ya ce, "Ina ciki?" Na ce yana ciki. Ya ce in karanta masa.

Na karanta. Yadda aka cika fili, yadda wani bawan Allah dogo ya shigo makaɗa na binsa, yadda aka kama tun la'asar ba wanda ya girgiza, har Kaka ya samu ƙafar dama ya ɗaga. Na kai aya na tsaya.

Isa ya ce, "Mamman, wane ne wannan bawan Allahn? Daga sama ya faɗo? Ba shi da uwa ba shi da uba?"

Kaka ya ce, "Isa, rufin asiri ne. Ka san horon da aka yi mana. Ga 'ya'yanka, ga jikokinka."

"Jikokin nawa ga su nan, tambaye su." Ya nuna su da sanda. "Waɗannan gani suke da sandar nan aka haife ni. In na ce musu ni ne Jimina, an yi mini kiɗa daga nan har Maraɗi, sai su ce tsoho ya fara ruɗewa. Makaɗana sun mutu. Waɗanda suka gani sun mutu. Kai kaɗai ka rage da ka san nauyina, kai kaɗai za ka shaida na tsaya maka tun la'asar har rana ta yi ja. Shi ne za ka ce wani bawan Allah? Kayen farko na tashi na kakkaɓe rigata na tafi gida. Wannan na biyun da ka yi mini a takarda, ba tashi."

Na dubi Kaka. Shekara da shekaru yana riƙe da abin nan a matsayin mutunci, yau mai mutuncin ya ce masa binne shi ya yi da rai.

Kaka ya ce, "Ka yafe ni, Isa. Wallahi don kai na yi."

"Na sani. Malam, rubuta. Isa ɗan Abdu, Jimina. Kuma gyara, ba ƙafar dama ya kama ba, ta hagu ce. Ta daman ba a haifi mai ɗaga ta ba."

Kaka ya ce ta dama ce. Isa ya ce ta hagu. Suka yi ta yi har aka kira azahar, jikokin sun matso sun yi tsit, wani ƙarami yana taɓa ƙafar kakansa yana dubawa. A littafin ta hagu muka sa, Kaka ya ce mai ƙafa ya fi shi sani.

Da muka koma, Hajiya ta saurare mu, ta cire tabarau ta goge ido, ta ce, "To saura sauran." Kaka ya ce ta ba shi lokaci.

Bai jira mun isa gida ba. Muna fita Damagaram ya ce in kunna waya. Ya fara kiran su ɗaya bayan ɗaya, kowa da garinsa da sunan da makaɗa ke kiransa, in ya mutu ya ce Allah ya jiƙansa, fasinjoji su amsa da amin. Na Kunci, na Kazaure, na Magarya, mutanen da rabon bakinsa da sunansu tun yana da baƙin gashi. Wani in ya tuna shi sai ya yi dariya. Motar nan ta koma kamar zaman addu'a, har direba ya kashe rediyo.

Mun kusa iyaka sai ya tsaya. Ya ce, "Akwai wani bahago daga wajen Ɓaɓura. Gajere, kunnensa ɗaya a tsage. Ya fi kowa ba ni wuya. Bayan na kayar da shi, shi ya kai ni gidansu ya ba ni tuwo, don dare ya yi mini. Sunansa..." Ya dafe goshi. "Yanzu zai zo." Muka wuce Daura bai zo ba. Muka wuce Kazaure bai zo ba. Ya ce, "Raggo, na ɓoye shi har na ɓoye wa kaina."

Waɗanda ke da rai da iyalan waɗanda suka rasu, na bi su gari gari kafin a buga, ba gidan da aka ce a'a. A wani gidan ma sai da aka yanka mini kaza. Littafin ya iso bayan damina. Kaka ya riƙe shi a hannu kamar yadda ya roƙa, ya shinshina, ya jinjina nauyinsa, ya ce bai kai na yaron nan mai murmushi ba amma ba laifi. Muka aika wa Isa nasa, aka ce jikarsa ce ke karanta masa, kuma kullum shafi ɗaya yake sa ta maimaita.

Kaka ya rasu kafin azumin da ya wuce. Ina kewarsa fiye da yadda zan iya rubutawa, har yau in na shiga zaure sai in ji kamar za a ce Raggo. A watanninsa na ƙarshe, in ka ga ya yi shiru yana motsa baki, ba tasbihi yake ba ko da yaushe, wani lokacin sunan nan yake nema. A duk littafin mutum ɗaya ne ya rage wani bawan Allah.

Don haka ku da kuke tambayata labarin tafiya, ga shi na ba ku, ni ma ga tawa buƙatar. In akwai wanda kakansa bahago ne daga wajen Ɓaɓura, gajere mai tsagaggen kunne, wanda ya taɓa kawo baƙon da ya kayar da shi gida ya ba shi tuwo, ya zo Tsanyawa ranar kasuwa ya tambayi Malam Sabi'u jikan Kututture. Hajiya ta ce in za a sake bugawa, ta bar masa wuri.